Baje Koli: Riba Sai Bayan An Watse

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya san ba a bakin Matan Fada kaɗai ake cinkoso ba. Akwai filin baje kolin amfanin gona, inda ake jibge shinkafar fadama da albasa da busasshen kifi. Abin tambaya shi ne, bayan an kwashe rumfuna, mutum nawa ne ke komawa gida da abokin ciniki na dindindin?

Taron dai yana da kwarjini. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, sunan bikin ke yaɗuwa, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Wannan talla ce da kuɗi ba ya saye. Ga shi kuma gani ya kori ji: dillalin da ya damƙi shinkafa, ya gatsa ƙwayarta, ya yi ido biyu da mai ita, ya sami natsuwar da sanarwar rediyo ba ta bayarwa.

Sai dai ciniki ɗorewa yake so. Daga 2009 bikin ya tsaya, bai dawo ba sai 2020. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗora lissafinsa kan kasuwar da ba a san ranar cinta ba? Baje kolin Kaduna ya yi suna ne saboda ƙungiyar 'yan kasuwa ke riƙe da shi shekara bayan shekara.

Akwai kuma namu sakacin. Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suna da tambari a jikin buhunansu, mai nema zai same su. Matar da ke turara shinkafa a ƙauye kuwa takan zo da buhu ba suna, ba lambar waya. Ta sayar, ta biya kuɗin mota, shi ke nan. Baƙon da ya yaba kayanta ba shi da hanyar sake samunta.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jiha da ƙungiyar 'yan kasuwa su tsayar da lokaci guda kowace shekara, su rage jawabai, su gayyato manyan dillalai daga Kano da Legas da Dosso, su taimaka wa ƙananan masu sana'a da tambari da ma'auni tsayayye. Bayan wata shida a bi sawu, a ƙirga waɗanda aka sake nema. Da wannan ƙidaya za a auna nasara, ba da yawan manyan baƙi ba.

Allah Ya sa a gyara.