Jega, Aliero ko Maiyama: Ina Ya Kamata Mai Aikin Kwamfuta Ya Kama Haya?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, lissafin zama a Abuja ko Kaduna ya daina fita ga matasa da yawa masu cin abinci da kwamfuta. Mai rubuta manhaja, da mai zana hotunan talla, da mai kula da shafukan 'yan kasuwa, galibinsu ba ofis suke zuwa ba, don haka babu abin da ya ɗaure su da hayar birni da kuɗin motar birni. Ɗan Jihar Kebbi da ya yanke shawarar dawowa gida, Birnin Kebbi ce take fara zuwar masa a rai. Sai dai akwai garuruwa uku da suke jere a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kontagora, waɗanda sunansu ba ya rasa fitowa idan ana wannan shawara: Aliero, Jega da Maiyama.

A cikin ukun nan Jega ce ta fi dacewa da yawancin masu wannan sana'a, duk da hayaniyarta da ƙurarta. Masu zaɓen Maiyama arha suke kallo, masu zaɓen Aliero jami'a suke kallo. Abin da ya fi su biyun nauyi shi ne ranar da wani abu ya lalace: caja ta ƙone, inbata ta fara kuka, layin waya ya ɗauke, ga aikin da aka yi alkawarin miƙawa gobe da safe. Awa nawa mutum zai ɓata kafin ya koma kan aikinsa? Wanda yake yi wa wani kamfani aiki daga nesa ya san cewa ana yi masa uzuri sau ɗaya, wataƙila sau biyu. A na uku sai a nemi wani, kuma ba za a faɗa masa dalili ba.

Taswira kaɗai ta isa ta fara ba da amsa. Jega ce a tsakiya. Aliero tana gefen hanyar Sakkwato, Maiyama tana kudu ta hanyar Koko, kuma ko wacce ba ta kai kilomita 20 daga Jega ba. A Jega ne kuma hanyar Birnin Kebbi take rabuwa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Mazaunin Jega yana iya halartar taron masu fasaha a Aliero da la'asar ya kwana a ɗakinsa, ya je Birnin Kebbi da safe ya dawo kafin azahar. Mutumin Aliero da na Maiyama kuwa, yawancin buƙatunsu ta Jega suke bi. In haka ne, me zai sa mutum ya riƙa biyan kuɗin mota don zuwa inda zai iya zama?

Jega kasuwa ce tun ƙarni na 19, lokacin da take cikin manyan kasuwannin yammacin Daular Usmaniyya, kuma har yau halinta na kasuwa ne. Inda kasuwa take, can masu gyaran waya suke taruwa, can ake samun masu sayar da waya da kebul da batir da faifan sola, can rassan bankuna suke, can tashar mota take da direban da za a iya ba saƙon allon kwamfuta daga Sakkwato ko Kano ya iso da shi. Wanda ya taɓa zama kwana huɗu yana jiran caja saboda tasa mai bakin USB-C ce kuma shagon unguwa ba shi da mai ƙarfin da ake buƙata, ya san darajar wannan.

Batun wuta shi ne inda aka fi yaudarar kai. Garuruwan uku duk suna ƙarƙashin Kaduna Electric, kamfanin da yake raba wuta a Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni: rukunin A ana nufin ya samu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kowane kilowat na awa guda. Wannan rabo kuwa da layin da unguwa take kai ake yin sa, ba da sunan gari ba. Gidaje biyu a gari ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana, kawai don taransifomarsu ba ɗaya ba ce. Saboda haka tambayar "yaya wuta a Jega?" ba ta da amfani sosai, kuma dillalin gida shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a yi wa ita, domin a bakinsa kowace unguwa wuta ba ta ɗaukewa. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara na layin su ne suka san gaskiya, tun da abincinsu ya rataya a kanta. A tambaye su sau nawa taransifoma ta lalace bana, kuma ko sai da aka yi karo-karo kafin a gyara.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce, a duk cikin ukun, mai aikin kwamfuta sai ya haɗa tasa wutar. Lissafin ba shi da wuya. Kwamfutar cinya mai cajar wat 65, idan ta yi awa 8, ba za ta wuce wat 520 ba. Rawta mai cin wat 10 a awa 12 ta ci 120. Fanka mai wat 50 a awa 12 ta ci 600, wato ta fi kwamfutar kanta ci, kuma a Afrilu da Mayu da zafi yake haura digiri 40 babu wanda zai iya rubuta layi goma na manhaja ba tare da ita ba. Da fitilu da cajin waya, a ce wat 1,400 a yini. Batirin litiyom mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe kimanin 1,200, kuma faifan sola biyu masu wat 300 kowanne suna iya ɗaukar aikin rana su kuma cika shi, in dai ana goge musu ƙurar hunturu. Batirin ruwa ya fi arha a ranar saye, amma rabinsa kawai ake iya sha ba tare da an kashe shi ba, kuma zafin wannan yanki yana rage masa kwana.

To tun da rana ɗaya ce take haska garuruwan uku, ai sai a ce wuta ba ta bambanta su ba. Ta bambanta su ta wajen gyara. Inbata na'ura ce mai lalacewa, musamman idan ana haɗa ta da wutar NEPA mai hawa da sauka. Ranar da ta tsaya, garin da ya fi yawan masu haɗa sola da masu sayar da kayanta shi ne ya fi saurin mayar da mutum bakin aiki.

Aliero tana da abin da sauran biyun ba su da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, ta tara ɗalibai masu karatun kwamfuta da injiniyanci a wuri ɗaya. Wanda ya koyi rubuta manhaja da kansa, daga YouTube da takardun intanet, babban ciwonsa kaɗaici ne. Zai yi kwana biyu yana kokawa da kuskuren da wani zai gano masa a minti biyar. Ga mai koyo, musamman wanda bai fara samun kuɗi ba, zama kusa da irin waɗannan matasa ya fi duk wani kwas da zai biya.

Amma garin da jami'a ta raya, da kalandar jami'a yake numfashi. Idan ɗalibai suka dawo, ɗakunan da suke kusa da makaranta su yi tsada, intanet ya yi nauyi da daddare. Idan aka tafi hutu, masu abinci da masu buga takardu su rage, abokan da ake taƙama da su su watse zuwa Zuru da Argungu da Yawuri. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna wa garuruwan jami'o'i a faɗin ƙasar nan yadda abin yake idan ɗalibai suka tafi babu ranar dawowa. Kuma Aliero ƙarama ce: a ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar ba ta kai mutum 70,000 ba, yayin da Jega ta haura 190,000.

Akwai masu cewa kasuwar albasa ta Aliero, wadda ake loda manyan motoci daga cikinta zuwa kudancin ƙasar nan, taska ce ga mai rubuta manhaja: a yi wa dillalai manhajar lissafin buhuna, da ta bibiyar mota, da ta farashi. A baki abin yana da daɗi. Dillalin da ya shekara talatin yana riƙe lissafinsa a ka da ƙaramin littafi, kuma bai taɓa ɓatar da buhu ba, ba zai biya kuɗin wata-wata don manhaja ba sai ya ga asarar da za ta tare masa. Abin da 'yan kasuwar yankin suka karɓa hannu biyu shi ne POS da tura kuɗi ta OPay da Moniepoint, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tura su, ba wa'azin masu fasaha ba. Wanda yake son gwada sa'arsa da su yana iya yi daga Jega, inda zai haɗa da 'yan hatsi da 'yan dabbobi da masu shaguna. Aliero dai ta shahara da ɗorin karaya, amma karayar jari ba ta cikin waɗanda ake ɗorawa a can.

Maiyama kuwa maganarta gajera ce. Ƙaramar hukumar tana da mutane sama da 170,000 a ƙidayar 2006, sai dai sun bazu ne a garuruwa irin su Andarai da Mungadi da Sambawa, kuma noma ne ƙashin bayansu. Akwai natsuwa, akwai fili, abinci yana kusa da gona. Ta dace da mutum ɗaya: wanda ya riga ya kafu, yana da abokan ciniki na nesa masu biya a kan kari, ya haɗa solarsa, yana da kwamfuta ta biyu a ajiye, kuma wataƙila yana da gidan gado a can. Irin wannan yana iya ɗora Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya manta da dogayen ƙarafunan sabis. Ya dai tuna cewa farantinta yana cin wat 50 zuwa 75, wato zai ƙara kusan rabin abin da aka lissafa a sama, ban da kuɗin kayan da na wata-wata. Ga wanda yake fara tasowa, arhar hayar Maiyama tana iya ƙarewa a kuɗin mota da kwanakin aikin da suka salwanta.

Jega ma tana da nata. Ranar kasuwa garin yakan cika, kuma ƙarfen sabis ɗaya raba ƙarfinsa yake tsakanin duk wayoyin da suke rataye da shi. Shi ya sa waya take nuna 4G cike da sanduna amma hoto ya ƙi buɗewa. Mai taron bidiyo da abokin ciniki ba gudu mai yawa yake buƙata ba, megabit 2 zuwa 3 na aikawa sun isa, abin da yake kashe shi shi ne yankewa. Ɗaki kusa da kasuwa ko tasha kuskure ne, ga hayaniya, ga ƙurar da take toshe fankar kwamfuta har ta riƙa zafi tana rage gudu. Garin kuma yana bakin gulbi, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar ba zai ajiye batir da inbata a ƙasa a gidan da yake gangaren fadama ba.

Dole a faɗi cewa wannan zaɓi ba kowa ke da shi ba. Budurwa mai rubuta manhaja a wannan yanki ba kasafai take kama ɗaki ita kaɗai a wani gari ba, inda iyayenta suke ko inda aure ya kai ta nan ne ofishinta. Haka saurayin da yake kula da tsofaffinsa. Su abin da ya rage musu shi ne zaɓen ɗaki a cikin gida da zaɓen layi, kuma gwajin da ya kamata mai neman haya ya yi, su ma shi za su yi.

Gwajin kuwa kafin a biya kuɗin shekara ake yin sa. A zo da layin MTN da na Airtel da na Glo, a shiga cikin ɗakin da za a zauna, a rufe ƙofa, domin abin da waya take samu a tsakar gida daban yake da abin da take samu a bayan bangon siminti da rufin kwano. A buɗe Speedtest ko fast.com da safe, a sake bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau TikTok, a kuma sake ranar kasuwa. A duba gudun aikawa, ba na saukewa kaɗai ba, sannan a kira wani ta bidiyo na minti 20 a ƙirga sau nawa ya tsaya. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, riƙe layi biyu ya ƙara tsada, amma har yanzu mai wannan sana'a ba shi da makawa sai da su: ɗaya a rawta, ɗaya a waya yana jiran ranar da na farkon zai ɗauke. Idan layi ɗaya ne kawai yake aiki a ɗakin, ko da a tsakiyar Jega ne, a ba dillali haƙuri a duba na gaba.