Maguɗin hayaƙin motoci: Wa zai biya mai mota a Kaduna?

A watan Mayun 2025 wata kotu a birnin Braunschweig na ƙasar Jamus ta samu tsofaffin manyan jami'an kamfanin Volkswagen su huɗu da laifin zamba, inda ta tura biyu daga cikinsu gidan yari, sauran biyun kuma ta yi musu ɗaurin talala.

Hukuncin ya sake tado da maganar maguɗin gwajin hayaƙin motoci, wanda ya fito fili a shekarar 2015, ya kuma ci wa kamfanin fiye da euro biliyan 30 na tara da diyya da gyare-gyare.

Kusan dukkan waɗannan kuɗaɗe a Amurka da Turai aka kashe su. Amma da yawa daga cikin motocin da waɗannan ƙasashe suka gaji da su a Afirka suke ƙare rayuwarsu. Saboda haka akwai tambayar da ta shafi mai mota a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha: idan kamfani ya amsa cewa motarsa tana da aibu, ya kuma yi kira a maido ta don gyara, ina rabon wanda ya saye ta a matsayin tokumbo?

Yadda aka yi maguɗin

A ranar 18 ga watan Satumban 2015 ne hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta zargi Volkswagen da sanya wata manhaja ta ɓoye a cikin ƙwaƙwalwar motocinsa masu amfani da man dizal, kimanin dubu 482 da aka sayar a ƙasar. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya amsa cewa motoci miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya, shugabansa Martin Winterkorn kuma ya yi murabus.

Ana gwajin hayaƙi ne a ɗaki, inda ake ɗora mota a kan wata na'ura, tayoyinta suna juyawa alhali tana tsaye wuri guda. Manhajar takan lura da matsayin sitiyari da gudun mota da tsawon lokacin da injin ya yi yana aiki, ta gane cewa gwaji ake yi. Daga nan sai ta kunna na'urorin tace hayaƙi baki ɗaya. Da zarar mota ta hau titi kuwa, sai ta rage musu ƙarfi.

Dalili shi ne tace hayaƙi sosai yana ƙara shan mai, yana kuma rage wa inji kuzari, kamfanin kuwa yana tallar motocin ne a kan cewa sun haɗa tsafta da ƙarfi da tsimin mai. A kan titi, wasu daga cikinsu suna fitar da iskar NOx mai cutar da huhu da tayar da asma har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta amince da shi.

Abin lura shi ne ba hukumomin gwamnati ne suka fara gano algus ɗin ba. Wasu masu bincike ne na jami'ar West Virginia suka ɗaura na'urar awo a jikin motoci uku, suka zaga da su a kan tituna, suka bayyana sakamakon a shekarar 2014.

Laifi ɗaya, diyya daban-daban

A Amurka, yarjejeniyar da aka cimma a watan Yunin 2016 ta kai dala biliyan 14 da miliyan 700. An bai wa mai mota zaɓi: ko kamfani ya saye motarsa a kan darajarta ta kafin tonon asirin, ko a gyara masa kyauta, sannan a ƙara masa diyyar da ta kama daga dala 5,100 zuwa 10,000. Ya zuwa shekarar 2018 kamfanin ya sayi motoci kusan dubu 350, ya jibge yawancinsu a manyan filaye. Yarjejeniyar ta hana sake sayar da su ko fitar da su waje sai an gyara.

A Turai, inda aka yi kiran maido da motoci miliyan 8 da rabi, da farko gyara kawai masu motoci suka samu. Sai a watan Mayun 2020 kotun ƙolin Jamus mai sauraron ƙararrakin jama'a ta yanke cewa wanda ya sayi irin wannan mota ya cancanci diyya. A Birtaniya kuma sai a 2022 kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 193 ga direbobi dubu 91.

Inji iri ɗaya ne, ha'inci iri ɗaya, amma abin da mai mota ya samu ya danganta da ƙarfin doka da hukumomin ƙasar da yake zaune.

Peugeot da Kaduna

Ga mutanen Kaduna, maganar mota ba baƙuwa ba ce. A shekarar 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri, wato PAN, ta fara harhaɗa motoci, kuma 504 da 505 da aka yi a can sun daɗe suna mulkin titunan Najeriya. A 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin, a 2022 kuma wata sabuwar masana'anta ta haɗin gwiwa da kamfanin Dangote ta fara harhaɗa motocin Peugeot a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Shi ma sunan Peugeot bai tsira daga wannan badaƙala ba. A watan Yunin 2021 alƙalai masu bincike a Faransa sun tuhumi Peugeot da Citroën da Renault da yaudarar masu saye dangane da hayaƙin dizal, zargin da kamfanonin suka musanta. Sai dai tuhumar da aka yi wa Peugeot ta shafi motocin dizal ne da aka sayar a Faransa tsakanin 2009 da 2015, ba waɗanda aka harhaɗa a Kaduna ba.

Haƙiƙa ma, motocin da maguɗin Volkswagen ya shafa kai tsaye ba su da yawa a arewacin Najeriya. An shafe shekaru ana tallafin fetur ban da dizal, saboda haka masu ƙananan motoci suka fi karkata ga fetur. Golf da Sharan da ke jigilar fasinja a tashoshin Kaduna kuma akasarinsu sun girmi injin da aka yi wa algus ɗin.

Amma badaƙalar ta fito da wani giɓi wanda ya fi dizal faɗi.

Wasiƙar da ba ta isowa

Kiran maido da mota tsari ne mai sauƙi a ƙasashen da ake yin sa. Idan aka gano aibu, kamfani yakan bi lambar casis ta kowace mota, ya nemo sunan mai ita a rajistar hukuma, ya aika masa wasiƙa. Shi kuma ya kai motar wurin dilan kamfanin a gyara masa ba tare da ya biya ko kwabo ba. A Jamus, hukuma tana da ikon soke rajistar motar da mai ita ya ƙi kai ta gyaran dole.

Da zarar mota ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, wannan igiya ta tsinke. Wasiƙa za ta ci gaba da zuwa gidan wanda ya rabu da motar tun tuni. Kafin ta iso kasuwar motoci a Kaduna ta bi hannun mai gwanjo da mai shigo da kaya da dillali, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da kamfanin ya sani. Daɗin daɗawa, dokar tarayya ta Amurka ta hana dila sayar da sabuwar mota mai jiran gyara, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba.

Ba ƙananan motoci ake magana a kai ba. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, na watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kimanin kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa.

A nan ne wanda ya sayi motar da aka harhaɗa a gida, ko daga hannun wakilin kamfani, ya fi mai tokumbo: yana da takardar garanti, yana kuma da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Haɗarin da ya fi hayaƙi gaggawa

Kiran maido da motoci mafi girma a tarihi ba na hayaƙi ba ne. Na jakar iska ne ta kamfanin Takata na Japan, wadda ake sakawa a sitiyari da gaban fasinja don kare rai idan aka yi karo.

Sinadarin da ke hura jakar yakan lalace idan ya daɗe cikin zafi da laima. Idan aka yi karo, ko da ƙarami ne, gwangwanin da yake ciki zai iya tarwatsewa ya watsa wa direba guntayen ƙarfe a fuska da wuya. A Amurka kaɗai an yi kiran maido da jakunkuna kusan miliyan 67, kuma ya zuwa 2024 hukumomin ƙasar sun tabbatar da mutuwar mutane 28. Kamfanin Takata ya durƙushe a 2017.

Motocin da abin ya shafa sanannu ne a titin Kachia da shataletalen Station. A watan Fabrairun 2023 Honda ya gargaɗi masu Accord da Civic ƙirar 2001 da 2002 a Amurka da su daina tuƙa su sai an sauya jakar. A watan Janairun 2024 Toyota ya yi irin wannan gargaɗi a kan Corolla da Matrix ƙirar 2003 da 2004, da RAV4 ƙirar 2004 da 2005.

Zafin bazara da laimar damina irin na Kaduna su ne ainihin yanayin da ke saurin lalata sinadarin. Kuma idan irin wannan mutuwa ta auku a kan hanyar Abuja, da wuya a bambanta ta da sauran haɗurran mota.

Iskar da ake shaƙa

A ɓangaren hayaƙi kuwa, matsalar Kaduna ba ta buƙatar manhajar ɓoye. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, Kaduna ce ta biyar a duniya wajen yawan ƙura da ƙananan ɓurɓushi a iska, inda adadin ya ninka mizanin hukumar na lokacin sau fiye da 20. Ƙurar hunturu da ƙona shara da janareto suna da nasu kason, haka ma tsofaffin tireloli da tankoki da ke ratsa kudancin birnin dare da rana.

Na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, tana ɗauke da ƙarafa masu tsada. Wasu motocin tun a Turai ake yanke musu ita, kamar yadda wani binciken hukumomin ƙasar Holan ya gano a 2020. Wasu ɓarayi ne ke cire ta, wasu kuma mai motar ne da kansa yake sa a cire idan ta toshe.

Shi ma man da ake sha yana da hannu a toshewar. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke sayar wa Afirka ta Yamma man dizal mai yawan sinadarin sulfa. A lokacin, dokar Najeriya ta amince da sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai 10 ne kacal. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta tsai da kashi 50, ta kuma amince cewa motocin da za a shigo da su su kai mizanin Euro 4.

Doka tana nan

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Tun 2011 hukumar NESREA take da ƙa'idojin hayaƙin injinan fetur da dizal. Dokar kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a 2019, ta wajabta wa mai ƙera kaya ko mai rarraba su ya sanar da jama'a idan ya gano haɗari a cikinsu, ya kuma janye su daga kasuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne motar da wani ya shigo da ita da kansa, ba ta hannun kamfani ba.

Akwai hanyar da za a iya ɗinke wannan ɓaraka. Tun 2022 hukumar kwastan take amfani da lambar casis wajen ƙididdige harajin motocin da ake shigowa da su. Lambar da ake bi don karɓar kuɗi ita ce dai za ta nuna ko mota tana jiran gyara. Da za a haɗa waɗannan bayanai da na ofisoshin rajistar motoci na jihohi, da jami'an duba lafiyar mota sun san abin da za su nema ban da takardu.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai saye. Lambar casis tana da haruffa da alƙaluma 17, ana kuma ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba. Idan motar daga Amurka ta fito, ana iya shigar da lambar kyauta a shafin intanet na hukumar NHTSA, a ga ko akwai gyaran da ba a yi ba. Yin haka kafin a biya kuɗi ya fi amfani, domin a lokacin ne ciniki ke hannun mai saye.

Wanda ya riga ya saya kuma, zai iya kai lambar wurin wakilin kamfanin a Najeriya ya nemi amsa a rubuce, ya kai ƙorafi ga FCCPC idan bai gamsu ba. Sayen jakar iska ta biyu a kasuwar kayan gyara ba mafita ba ce, domin mai yiwuwa daga mota mai irin wannan aibu aka ciro ta.

Volkswagen ya yi shekaru yana wannan maguɗi a ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji na zamani kafin a kama shi, kuma awon da aka yi a kan titi ne ya tona asirinsa. A Kaduna, irin wannan awo da irin wannan bin diddigi su ne za su nuna wa hukumomi da masu motoci abin da ke ƙarƙashin bonet, tun kafin a ji labarinsa a asibiti.