Wa ya ɗora mata tiren?

Duk ranar da na buɗe layin waya a rediyo kan ƴan matan ƙauye da ke yin ciki ba aure, maza ne ke rige-rigen kira, kuma bakinsu ɗaya: yaran yanzu sun lalace. Har yau ba wanda ya kira ya ce cikin nasa ne.

To, wa ya ɗora mata tiren gyaɗa, ya ce kar ta dawo sai ya ƙare? Hatsi ya ƙare a rumbu tun kafin damina, uba ya tafi bida Legas, uwa na jiran kuɗin talla ta ɗora tukunya. Ƴar shekara 14 tana zagaye tasha har isha'i, sai wani mai shago ya saye tiren duka da jaka guda. Kuna zaton don Allah ya saya?

Maganin dattawanmu shi ne a aurar da ita da wuri. Ai dokar Nijar ta yarda da auren ƴar shekara 15, kuma ba mu daina yi ba. Ku je asibitin yoyon fitsari na Danja, kusa da Maraɗi, ku tambayi matan da ke kwance suna shekara nawa aka kai su ɗakin miji.