Zauren Iyali: Guzurin Mai Zuwa Tsibiri

Wasiƙu biyu sun iso mana kwanan baya da tambaya iri ɗaya. Ta fari daga wata uwa ce a Wusasa, wadda aka yi wa ɗanta alkawarin aiki a ƙasar Sao Tome. Ta biyu kuwa wani ɗan'uwa ne ya aiko, mai sarin jakunkuna da takalman fata a kasuwar birnin Zariya, yana so ya gwada kai su can. Dukansu biyu suna tambaya, "Me za a riƙa?" Mun ga ya kamata mu amsa a fili, gama ba su kaɗai ba ne. Tun 1987, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta kafa shirin aika malamai da likitoci da masu jinya su taimaki waɗansu ƙasashen Afirka da tsibiran Karibiyan da na Fasifik, 'ya'yanmu suke zuwa wuraren da kakanninmu ba su taɓa jin sunansu ba.

Bazazzagi ba baƙon tafiya ba ne. Fataken da suka riƙa fita ta ƙofofin ganuwa, su Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Doka, sun kai har Gwanja neman goro. Amma tafiyarsu ta tudu ce. Mutum ya san in dare ya yi akwai zango, a zangon akwai mai masauki mai jin Hausa. In guzuri ya ƙare sai ya sayar da jaki ko ya yi ƙodago. In kuwa abin ya ƙi, ya juya ya bi sawunsa zuwa gida. Har wa yau da wannan zuciya muke shiga mota a Kwangila. Tsibiri ba haka yake ba. Wanda ya sauka ba ya fita sai ran da jirgi ya zo, shi ma sai da takarda da kuɗi a hannu. Abin da aka manta a gida an manta shi ke nan.

Sao Tome da Principe tsibirai biyu ne cikin teku kudu da Nijeriya, daura da gaɓar Gabon. Fotugal ce ta mallake su har ran 12 ga Yuli, 1975. Ƙasar duka wajen murabba'in kilomita 1,000 ce, mutanenta kuma ba su kai 250,000 ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya kaɗai fiye da mutum 400,000. To, ɗan'uwa mai kayan fata, ka lura da wannan lissafi tun kafin ka ci bashi. Kasuwar ƙarama ce. Mu dai shawararmu, ka fara da 'yan kaɗan na gwaji, ka tambayi kuɗin kwastan, ka ga abin da suke so, sa'an nan ka san inda ka dosa.

Farkon guzuri takarda ce. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Sunan da ke cikinsa ya yi daidai da na lambar ɗan ƙasa da na tikiti, harafi bi harafi. Mu da muke rubuta Yohanna yau, gobe John, jibi Yahaya, a nan ne abin yake kama mu. Sao Tome ba ta cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ba kamar zuwa Kwatano ko Lome ba ne, sai da biza. A nemi bizar tun ana gida, kada a ji maganar mai cewa, "In ka sauka za a shirya." Tikitin kuma ya zama na zuwa da dawowa. Hanyoyin jirage kan sāke daga shekara zuwa shekara, sau da yawa sai an yada zango a Lome ko Akara ko Librebil, kuma ba kowace rana jirgi yake tashi ba. Wanda ya makara, mai yiwuwa ya yi kwanaki yana jiran na gaba da kuɗin aljihunsa.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu, mama ta Wusasa. Waɗannan tsibirai sun daɗe da sanin mutumin da ya zo aiki ya kasa komawa. A farkon ƙarni na 20 Sao Tome tana cikin ƙasashen da suka fi noman koko a duniya, kokon cakulan muke nufi, ba wanda ake sha da ƙosai ba. Ma'aikatan gonakin daga Angola aka riƙa kwaso su da sunan kwantiragi, amma da wuya a ga wanda ya koma gida. Abin ya kai har kamfanin Cadbury, mai yin Bournvita, ya daina sayen kokon tsibirin a 1909. Mu ma ya taɓa mu. A tsibirin Fernando Po da ke maƙwabtaka, wanda yanzu ake kira Bioko, 'yan Nijeriya sun yi shekaru suna aikin gonakin koko, har wulakanci ya yi yawa gwamnati ta kwaso dubbansu zuwa gida a 1975 da 1976. Zamanin ya wuce, Sao Tome ta yau ƙasa ce mai zaman lafiya, amma dillalin aiki mai zaƙin baki bai wuce ba, kuma yawanci ɗan gida ne. Kada yaron ya tashi sai ya riƙe takardar ɗaukar aiki a rubuce, da sunan wurin, da yawan albashi, da irin kuɗin da za a biya shi, da wanda zai biya jirgin dawowa. In da harshen Fotugal aka rubuta ta, a nemi mai fassarawa kafin ya sa hannu. Kada ya ba kowa fasfonsa ajiya, ko da ubangidansa ne. Nijeriya tana da ofishin jakadanci a birnin Sao Tome, ya je ya nuna kansa a makon farko. A gida kuma a bar hoton kowace takarda a hannun uwa ko fasto.

Kuɗinsu dobra ne. Ba za ku same shi wurin 'yan canjin Tudun Wada ba, in kuma kuka dawo da shi ba mai karɓa. Tun 2010 aka ɗaure shi da yuro, bayan sāke takardun kuɗi na 2018 kuwa dobra 24.5 ce yuro ɗaya. Saboda haka yuro za a riƙa, tsabarsa, masu kyau marasa yagewa, a raba su wuri biyu ko uku a jiki da jaka. Katin banki na gida kada a dogara gare shi. A ware kuɗin kwana uku na masauki da abinci, a ɗauka kamar babu su.

Sai lafiya. Duk mai fitowa daga Nijeriya za a tambaye shi katin allurar shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka ba a yinta ana gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Ana yinta a ofishin lafiya na filin jirgin sama, kamar na Kano ko na Abuja. Mun san akwai masu sayen katin ba tare da allurar ba. Wannan ƙarya ce, wauta ce kuma, tun da cutar ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2017. Kati ba ya korar sauro.

Zazzaɓin cizon sauro yana can, ko da yake sun rage shi ƙwarai. A tafi da gidan sauro, a ga likita kafin a tashi, musamman mace mai ciki da yara da mai amosanin jini. Akwai kuma wani zazzaɓi da ba mu saba da sunansa ba, dengi, wanda ya ɓarke a tsibirin a 2022. Sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, sa'ad da gidan sauro yake naɗe. Man korar sauro da riga mai dogon hannu su ne makami. Wanda zazzaɓi ya kama a can kada ya sha asfirin, gama in dengi ne yana iya jawo zubar jini. Ya sha farasitamol, ya tafi asibiti. Babban asibitin yana babban birni, ciwon da ya fi ƙarfinsa kuwa sai an fitar da mutum waje, yawanci Fotugal. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙi maganin da zai ishe shi har ya dawo, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita.

Abin da zai fi ba Bazazzagi mamaki shi ne laima. Mu mutanen hunturu ne, mun saba a shanya riga da hantsi a kwashe kafin azahar. Dukan dabarunmu na ajiya, da kilishi da kuka da busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli, a kan bushewar iska suka dogara. Tsibirin kuwa a kan layin da ya raba duniya biyu yake, iskarsa a jiƙe take dare da rana. Lokatansu ma a juye suke: daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da damina ta kankama a Zariya, su ne suke rani, ruwa kuma ya sauko daga Oktoba har Mayu. Kudancin tsibirin yana samun ruwa ninki huɗu ko biyar na namu. A irin wannan wuri ƙuli-ƙuli yakan yi laushi, yaji ya dunƙule, fata kuma ta yi funfuna cikin 'yan kwanaki. Mai kayan fata ya tabbata sun bushe sarai kafin ya ɗaure, in ya isa ya kwance su nan da nan, ya ajiye inda iska take ratsawa, yana gogewa. Babbar riga mai aiki, irin wadda maɗinkan birni suke wata da watanni a kanta, guda ɗaya ta isa don ranar Lahadi. Sauran su zama na auduga marasa nauyi, da lema, da takalmin roba. Takardu a sa su cikin leda mai rufewa.

Kuka da kuɓewa da daddawa a zuba su cikin kwalabe masu murfi, a rubuta sunansu a jiki, don garin da ba shi da suna yakan jawo tambaya a kwastan. Kilishi a bar shi gida, ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama. Ba za a kwana da yunwa ba. Akwai kifi, da ayaba, da rogo, da gwaza wadda suke kira matabala, da wata miyar ganye da manja da kifi mai suna kalulu. Gero da dawa ne dai za a yi kewa. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, namu fulogin mai ƙafa uku ba ya shiga, sai da adafta. Tocila ma a riƙa, gama wuta takan ɗauke, rana kuma kafin ƙarfe 6 ta faɗi kowane lokaci na shekara. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya.

Akwai kaya guda da muke roƙo kada a ɗauka, watau saƙon da ba a buɗe ba. Mun san da kunya a ce wa maƙwabci, "Kwance in gani." Amma a tuna da ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda ƙwayoyi cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan an gano waɗansu ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba. Ita ba ta ma karɓi saƙon kowa ba, balle wanda ya karɓa da hannunsa. Ku ɗaure kayanku da kanku, ku ƙirga jakunkunan da aka rubuta a tikitinku, ku adana 'yar takardar da aka ba ku ta kowace jaka.

Teku kuma ba Kubanni ba ce, ba Galma ba ce. Yaron da ya iya iyo a rafi yakan ɗauka ya iya ruwa, alhali ruwa ba sa'an kwando ba ne. Akwai wuraren da ruwan yake janyewa ciki da ƙarfi ko da samansa a kwance yake. Wanda ya ji ana jansa kada ya yi kokawa da shi kai tsaye, ya yi iyo a gicciye, daura da gaɓa, har ya fita daga jan. Gara ma a tambayi masunta inda ake shiga. Tsakanin tsibiran biyu akwai tafiyar wajen kilomita 150, a Afrilun 2019 kuma wani jirgin ruwa mai fasinja da kaya ya kife kusa da Principe, aka rasa rayuka. Kowane jirgin ruwa za a shiga, babba ko kwalekwale, a nemi rigar hana nutsewa, in babu ko in an cika shi fiye da kima, a haƙura.

Harshen Fotugal ake yi a ofis da kasuwa da sujada, Turanci ba ya kai mutum nesa. A koyi gaisuwa da ƙirge tun a gida. "Bom diya" ina kwana ke nan, na gode kuwa namiji ya ce "obrigadu", mace ta ce "obrigada". Suna da wata kalma da ba ta barin bakinsu, "leve-leve", watau sannu-sannu, da haka suke yin komai, mai gaggawa zai sha haushi. Yawancinsu 'yan Katolika ne, akwai kuma waɗansu ikkilisiyoyi. A karɓi takardar shaida daga fasto, a sa Littafi Mai Tsarki na Hausa cikin jakar hannu, gama ba za a same shi a kanti a can ba.

In Allah ya dawo da mutum lafiya, ya lura da jikinsa na 'yan makonni. Zazzaɓi ya taso, kada ya tsaya sayen magani a kemis, ya je asibiti, ya faɗa wa likita ƙasar da ya fito da ranar da ya sauka.