Ƙwayar cuta guda, suna uku

Ƴan uwa ƴan kasuwa, in atamfa guda tana da suna uku a kasuwa, ai mai saye ke shan wahala. To haka abin yake ga ƙwayoyin cutar ordinater.

A 2008 wata ƙwaya ta ɓulla, ta kama miliyoyin na'urori a duniya, har ta kile USB take bi. Microsoft ya ce mata Conficker, Symantec ya ce Downadup, Kaspersky kuwa Kido. Abu guda ne fa! Mai shagon da ya ji gargaɗin Conficker a rediyo, antibirus ɗinshi ya nuna mashi Kido, sai ya ɗauka wata cuta ce dabam. Ko ya yi sakaci, ko mai gyara ya karɓi kuɗinshi sau biyu.

A 2005 cibiyar MITRE ta Amurka ta fara ba kowace babbar ƙwaya lamba guda, amma shirin bai yi nisa ba. A ganina, kowane kamfani so yake ya riga saura raɗa suna, don talla ce gare shi. Har yau ba su daidaita ba.

Hajiya, in mai gyara ya kawo maki sabon suna, ki ce ya nuna maki sauran sunayenta kafin ki zaro jika biyar.