Sannunku Malaman Tamale, Saura Taswira a Bango

Yabon gwani ya zama dole. Tun da Afa Ajura ya kafa makarantar Anbariyya, Malam Basha kuma ya buɗe Nuriyya, Larabci ya samu gindin zama a Tamale. Daga 1987, lokacin da gwamnatin Ghana ta kafa sashen kula da ilimin Musulunci, makarantun da suke haɗa boko da Arabiyya suka yawaita. A 2024 kuwa Larabci ya shiga jarrabawar BECE. Gumin malamai ne ya kawo wannan, da yawansu ba su da albashin kirki. Allah ya saka muku da alheri.

Abin da ya fi faranta rai shi ne ba ku tsare yara a nahawu da fiƙihu kaɗai ba. Yau sai ka ji ɗalibi yana rarrabe bahar da muhiɗ da khalij, ya ce maka Bahrul Ahmar shi ne Bahar Maliya, ya jero maka Hijaz da Sham da Magrib ba gargada.

Amma malamai, hadda ba ta wadatar. Yaron da ya san sunan teku bai san inda yake ba, zai sha ruɗu a littafi. Zai ga Ghana a rubutun Albakari na 1068 ya ɗauka ƙasarsa ake nufi, alhali daula ce da ta yi zamani a yankin Muritaniya da Mali na yau. Zai ga Biladus Sudan ya tafi Khartum, bai san har da ƙasar Hausa da Dagomba a ciki ba. Tun 2016 alhazai suke tashi daga filin jirgin Tamale kai tsaye zuwa Saudiyya. Ɗalibai nawa ne za su iya bin hanyar da yatsa, su nuna inda jirgin ya tsallaka Bahar Maliya?

Magabata ba su yi sake da ilimin sanin ƙasashe da taswira ba. Al'idrisi ya kammala taswirar duniya a Sisili a 1154. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Takrur, ɗaya bayan ɗaya.

Don haka kowane aji ya samu taswirar Larabci, ko da da alli malam zai zana ta. A kuma fara daga gida: Farin Volta da Tamale take shan ruwansa ta Dalun, da tafkin da dam ɗin Akosombo ya haifar, da gaɓar Tekun Atlantika, da Salga wadda fataken goro suka taka daga Kano. Iyaye da masu hali na Zango, sayen taswira goma bai fi ƙarfinku ba. Ku da kuka koya wa yaranmu sunayen duniya, ku ƙarasa ladanku, ku nuna musu inda suke a cikinta.