Hasken da ake sayar wa waɗanda ba sa kwana a duhu

Kwana biyu ke nan ana ta yawo da bidiyon wani agogon Panerai a nan, ana danna maɓalli sai fuskarsa ta kama da haske kamar an kunna fitila, kuma babu batir a ciki. Na ga abokaina suna ta tafi, wai fasaha ta kai ƙarshe, Turawa sun yi gaba. To ni dai ban tafa ba.

A ba kowa haƙƙinsa tukuna. Sunan agogon Submersible Elux LAB-ID, an fito da shi a 2024. A cikinsa akwai gangunan sifirin guda shida: biyu suna tafiyar da lokaci, huɗu suna juya wani ɗan mitsitsin janareta da ke bai wa 'yan fitilun wuta. In ka wana shi ya cika, zai ba ka hasken minti 30. Wanda ya tsara wannan ya san aikinsa, ban musa ba. Amma guda 150 kacal za a ƙera, kuɗinsa kuma ya doshi dala dubu 100. Minti 30 fa, Malam. Tocilar wayar da kake karanta wannan rubutun da ita ta fi shi haske, ta fi shi daɗewa.

Ku tambayi kanku, me ya kawo haske fuskar agogo tun asali? Yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya soja yana kwance cikin rami da dare, yana son sanin lokaci, in ya ƙyasta ashana an gan shi an harbe. Sai aka haɗa sinadarin radiyom da wani gari aka yi fenti mai haske da kansa. Shi kansa Panerai a 1916 ya yi rajistar irin wannan fentin da sunan Radiomir, saboda kayan aikin sojan ruwan Italiya. Buƙata ce ta rai da mutuwa.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan hasken kuwa 'yan mata ne. Daga 1917, a garin Orange na jihar Niyu Jasi a Amurka, kamfanin da aka sani da U.S. Radium ya ɗebi 'yan mata suna fenta lambobin agogo. An koya musu su riƙa gyara tsinin burushi da leɓɓansu kafin su tsoma a fenti, an ce musu ba ya cutarwa. Haƙoransu suka fara zubewa, ƙashin muƙamuƙi ya riƙa rugurgujewa. Da Mollie Maggia ta rasu a 1922, a takarda aka rubuta wai ciwon tunjere ne ya kashe ta: an ci lafiyarta, an kuma ci mutuncinta. Sai a 1925 likita Harrison Martland ya tabbatar radiyom ne. Grace Fryer ta yi shekara biyu tana neman lauyan da zai karɓi ƙararta. A 1928 aka sasanta da su biyar, kowacce dala 10,000 da dala 600 duk shekara, ga mutanen da kowa ya san kwanansu ya ƙare. Goman kuɗin agogon nan na bidiyo ke nan, in ka bar canjin darajar kuɗi a gefe.

Bayan radiyom aka koma tiritiyom, mai sauƙin illa, amma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da ɗoriya. Sai a 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da LumiNova, gari ne da ba shi da guba irin ta radiyom. Aikinsa ya sha haske ya ajiye, in duhu ya yi ya riƙa sakinsa a hankali. Shi ne aka kai Suwizalan ya zama Super-LumiNova da kusan duk manyan kamfanoni suke shafawa yau. Magana ta ƙare tun a nan, an warware matsalar. Dangin wannan garin ne a jikin alamar ƙofar fita ta gaggawa, shi ne a taurarin roba da ake manna wa yara a silin, shi ne a agogon Seiko mai araha.

To in abu ya yi arha kowa ya samu, me za a sayar wa mai kuɗi? Sai a yawaita hasken, a rage yawan agogon. A 2016 MB&F ya haɗa kai da James Thompson, wanda ake kira Black Badger, suka yi agogon HMX da dunƙulen abu mai haske a ciki, kala uku, kowace kala guda 18. A 2024 IWC ya cuɗa garin cikin tangaran ya yi agogon da jikinsa gaba ɗaya yake haske, ya sa masa suna Ceralume, aka ga Lewis Hamilton da shi a Monako. Na Roger Dubuis mai suna Blacklight ya fi ba ni dariya: adonsa yana fitowa ne a ƙarƙashin fitilar nan mai ruwan shuni ta gidan rawa. Daga ramin yaƙi zuwa gidan rawa cikin shekara ɗari.

Kuma wannan 18 da 150 ɗin da ake ta nanatawa, garin bai yi ƙaranci ba. Mutane ne suka zauna a ofis suka zaɓi lamba, don wanda ya samu ya san akwai wanda ya rasa. Hotunan da kuke gani suna walƙiya ma, an haska agogon da tocila mai ƙarfi ne daƙiƙoƙi kafin a ɗauka. In ya wuni a ƙarƙashin hannun babbar riga bai ga rana ba, da dare sai ka ƙura ido. Mu da muka san yadda unguwa take in an ɗauke wuta, mun san bambancin haske da ƙyalli.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa. Kuɗinsa ne, ina ruwanka? Ko kuma, ai wannan kamar zane ne, ba a tambayar amfanin zane. Na yarda da ta biyun, rabi. MB&F ba ya ɓoyewa, shi da bakinsa yake cewa abin kallo yake ƙerawa wanda kuma yake nuna lokaci. Da wannan ba ni da faɗa sosai. Faɗana da waɗanda suke jingina kayan ado da labarin soja da mai ninƙaya, suna sayar da jarumtar wasu ga mutumin da agogonsa ba zai taɓa wuce ruwan wanke hannu ba. Agogon bidiyon nan an ce yana jure zurfin mita 500. Cikin mutum 150 ɗin, nawa ne za su kai shi mita biyar?

Abin da ya fi tsaya min a wuya shi ne wata kala. A cikin launukan Super-LumiNova akwai wadda ake kira Old Radium, wato tsohon radiyom, ruwan ƙasa-ƙasa, an yi ta ne don sabon agogo ya yi kama da waɗancan da 'yan matan suka fenta da leɓɓansu. Ana sa ta a agogo masu tsada a ce kalar tarihi ce. Panerai har gobe yana sayar da agogo da sunan Radiomir. Ku duba tallan irin waɗannan agogunan, ku nemo min sunan mace ɗaya daga cikinsu.

Kuma kada a ce tsohon zance ne. A Suwizalan ɗin kanta an yi ta fenta radiyom a ƙananan wuraren aiki da cikin gidajen mutane har farkon shekarun 1960. Daga 2015 gwamnatinsu ta shiga bin waɗannan gine-gine a garuruwa irin su Bienne da La Chaux-de-Fonds, tana aunawa tana kankarewa, domin radiyom sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Agogunan wancan zamanin sun daina haske tuntuni, garin da ke cikin fentin ya mutu. Amma ka kusantar da na'urar aunawa kusa da ɗaya, har yau za ta yi ƙara.